Bututun bayan ƙofa: yadda Kawu da Anti ke rayuwa tsakanin fenti, mota da gidajen dangi

A ɗakin Kawu a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Gana, akwai wani bututun roba irin na masu aikin famfo, tsawonsa ya kusa ƙirjin mutum, an toshe bakinsa biyu da murfi an ɗaura masa igiyar ratayawa. In ka leƙa bayan ƙofa ka ganshi a jingine toh suna gari. In babu shi kar ma ka wahalar da bakinka da sallama, sun kama hanya, sai dai ka tambayi Mma, yayar Kawu, ko arewa suka yi ko gabas. A cikin bututun nan ake naɗe zanen da suka yi, kuma in za'a faɗi gaskiya a cikinsa abincinsu yake, da kuɗin makarantar yara, da rabin rigimar da akayi a gidanmu cikin kusan shekara ashirin ɗin nan.

An sha tambayata wai ta yaya mutum biyu, babu albashi babu mota babu shago, suke zaga ƙasa huɗu biyar suna zane suna kwana gidan 'yan uwa. Wasu gani suke yawon banza ne kawai, wasu sunce ai wani bature ne ke turo musu dala a ɓoye. Ni ke riƙe da WhatsApp ɗin da masu saye ke magana, ni ke zuwa tasha in saka kaya a mota, dan haka abun da zan rubuta ba ji nayi a bakin rijiya ba. Sun san zan rubuta. Anti ce dai ta kafa min sharaɗi biyu, kar in sa suna kuma kar in faɗi kuɗi.

Sai an fara da dangi, dan in ba'a san yadda muka warwatsu ba baza'a gane tafiyar ba. Kakanninmu fataken goro ne, daga ƙasar Kano suke saukowa Gwanja, Salaga ce kasuwarsu. Da yaƙin Salaga ya tashi a 1892 gari ya watse, wasu suka yi Kete Krachi, wasu Yeji, wasu suka gangaro har Kumasi, mu kenan, amma akwai waɗanda suka koma bayan ƙura ta lafa kuma jikokinsu na can har gobe. Sai kuma 1969 da gwamnatin Busia ta bada sati biyu duk baƙon da bashi da takarda ya bar Gana. Gidanmu ya rabu biyu a lokacin. Babbar yayar su Mma, wadda muke ce wa Inna ta Kano, amarya ce a lokacin, mijinta bashi da takarda, aka zuba su a babbar mota da tabarmi da kwanuka suka tafi, Kawu yana jariri, ita ce ma ke goyonsa kafin auren. Ta zauna a Fagge har ƙarshen ranta. Ita kuma Anti 'yar Nima ce a Ankara (Ankara tamu ta Gana nake nufi, kar wani ya tafi Turkiyya), babanta malamin allo ne asalinsa Maraɗi, yayarta na aure a Zangon Lome, kawunnanta suna Maraɗi da Damagaram. Toh kunga taswirar, duk inda suka nufa akwai tabarmar da za'a shimfiɗa musu.

Kawu ba ɗan makarantar zane bane, bai taɓa taka ajin zane na jami'ar KNUST ba duk da tana nan kusa damu. Yaron shago ne, wajen wani masta mai rubuta sainbod ya koya, irin shagunan da suka cika Kumasi a da, wanda aka fi sani a cikinsu shine Almighty God na Kwame Akoto can wajen Suame. Shekarunsa na farko wanke buroshi ne da jan layi da rubuta "Sai haƙuri" da "Allah na nan" a goshin manyan motoci, daga baya aka barshi yana zana kawunan aski a allon masu aski. Lokacin da yaci kasuwa shine zamanin gidajen bidiyo, ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990, lokacin da mutum zai ɗauki talabijin da janareta ya shiga ƙauye yana nuna fim, dole sai da fosta, kuma fostar da hannu ake zana ta akan buhun fulawa, a farke buhu biyu a ɗinke su a shafa farin fenti a zana. Yace min sau da yawa bai ma kalli fim ɗin ba, bayan kaset kawai zai duba ya ƙara jini da wuta da maciji daga kansa, dan mai gidan bidiyo cewa yake "Masta a sa abun tsoro". Sai injin bugawa na kwamfuta ya shigo, abun da zai yi kwana uku yana yi inji ya fitar a rabin awa kuma da araha. Zuwa 2007, shekarar da aka canza kuɗi aka cire sifiri huɗu daga sidi, shagon da ya buɗe ya koma wajen shan shayi da musun ƙwallo.

Anti kuwa babu wanda ya taɓa kiranta mai zane a lokacin. Lalle take yi wa amare, shikenan abun da aka sani. Abun da ba'a sani ba, a gidansu ita ce ke yi wa 'yan sauka allon zayyana, babanta ya koya mata da idonsa ya fara rauni, da alƙalamin gamba da tawadar gawayi da ƙaro, a zagaye ayar da gidaje gidaje ja da kore da rawaya babu rula babu komai amma layi ya fita kamar an auna. A wajen walima kowa yaba malam yake, ita tana ɗaki tana wanke hannu. Ku riƙe wannan dan zamu dawo kanshi.

Tafiyar ba shirya ta akayi ba. Rasuwa akayi a Salaga, Mma bata da lafiya, aka ce Kawu da matarsa su wakilci gida. Suka bi ta Mampong, Ejura, Atebubu har Yeji, suka tarar jirgin fito ya tsallaka Makango sai gobe, kuɗin hannunsu kuma na zuwa ne kawai na dawowa sai abun da Allah yayi. Yana zaune a bakin ruwa yaga wani yana ƙoƙarin sabunta rubutun jikin kwalekwalensa da tsinke da ragowar fenti, harufan duk sun karkace, Kawu hannunsa yayi ƙaiƙayi yace kawo. Kafin magariba yayi kwalekwale uku. A Salaga bayan addu'ar bakwai ya rubuta allon wani kemis da bangon wata makarantar Islamiyya, Anti tayi wa matan gidan lalle da na maƙwabta, suka dawo Kumasi da canji da buhun doya da kifi busasshe. A mota Anti tace masa, "Malam, aikin da ya mutu a Kumasi fa bai mutu a nan ba." Injin bugawa bai kai ƙauye ba tukuna, kuma ko ya kai baya iya hawa kwalekwale.

Daga nan abun ya zama tsari, amma fa ba irin tsarin da ake rubutawa a kalanda ba. Hunturu na arewa ne. Dalili a fili yake, hanya ta bushe, manoma sun sayar da amfani akwai kuɗi a hannu, bukukuwa sun yi yawa, sannan fentin akirilik da suke aiki dashi a iskar hunturu kafin ka wanke buroshi ya bushe, har ma yana saurin bushewa fiye da yadda ake so, Kawu na yawo da wata 'yar kwalbar fesa ruwa ta masu aski yana fesa wa farantin fenti. Fentin mai sun barshi tuntuni dan yana ɗaukar kwanaki bai bushe ba, matafiyi bazai iya jiransa ba. Damina kuwa a Kumasi abokiyar gabarsu ce, sun taɓa barin zane takwas a ƙarƙashin gado suka dawo duk fumfuna ta cinye bayansu. Kuma naɗewa ma da ilimi, fuskar zanen waje take kallo ba ciki ba, in ka naɗe ta ciki fentin ya takure ya tsage. Na taɓa yin kuskuren nan sau ɗaya, har yau Kawu bai daina ba baƙi labarin ba.

Zagayen arewa yawanci Yeji, Salaga, Tamale, daga nan su ratsa Damongo su je Larabanga. Masallacin Larabanga Kawu ya zana shi sau nawa ni ban iya ƙirgawa, farin gini da itatuwa sun leƙo ta jikinsa da kukar nan a gefe, shine abun da yafi fita a hannun masu shaguna. Wani lokaci su wuce Bolga da Sirigu har Paga. Watan Agusta kuma Ankara suke, gidan su Anti a Nima, saboda bikin zane-zanen titi na Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011 yana kawo masu kallon zane da saye, su kuma kai ƙananan aiki wa masu shago a Arts Centre kusa da kabarin Nkrumah. Doguwar tafiyar, wadda ba duk shekara ba, ita ce Aflao, Lome, Kwatano, Seme, su kwana biyu a Agege, su hau motar Kano, daga Kano Maraɗi da Damagaram. Da can ta Yamai da Wagadugu suke dawowa su shigo ta Paga, amma tunda tsaro ya lalace a Burkina suka bar hanyar.

A Kano dariyar Hausarsu ake, wai "matana ya zo", ba mace ba namiji kowa "shi" ne. Kawu yace musu ku kuma ku faɗi waakye muji, ai shinkafa da wake ce taku muka kai ta zama sarauniya.

Yanzu ga inda lissafin yake, dan nan ne mutane basu gani. Aikinsu kashi kashi ne. Akwai aikin ciki, allon shago, bangon makaranta, jikin kwalekwale, lalle, wannan shi ke biyan kuɗin mota daga gari zuwa gari. Akwai ƙananan zane na masu shago, ana biya da araha amma ana biya nan take. Akwai manya da ake ɗaukar sati ko wata ana yi, su ke biyan kuɗin makaranta in an dace da mai saye, in ba'a dace ba su kwana a bututu shekara. Sai kuma wanda Anti ke kira "na zumunci", zanen da ake bar wa mai masauki. Kuma Anti na da littafi, littafin makaranta mai layi, nasan a ƙalla na biyar take ciki yanzu, a ciki take rubuta gidan da suka sauka, kwana nawa, tsarabar me aka kai, me aka basu da zasu tafi. Goro da atamfa da garin rogo suke hawa dasu, su sauko da kilishi da man kaɗanya da turaren wuta. Dokarta ɗaya ce kuma bata sassauta ta ko a gidan uwarta: haƙƙin baƙo kwana uku ne, ranar na huɗu ko su sa hannu a cefane ko Kawu ya ɗauko buroshi ya gyara wani abu a gidan, zaure, ƙofa, lambar gida, ko me. Tace baƙo raɓa ne, in raɓa ta kai azahar ta zama jiƙa.

Ni a ganina wannan littafin shine jarinsu na gaskiya, yafi fenti. Dan na ga wasu da suka gwada irin rayuwar nan ta kwana gidan dangi, zuwa na uku ake fara ɓoye musu tukunya. Su Kawu kuwa waya ake yi ana cewa yaushe zaku zo, zauren ya koɗe.

Amma zumuncin yana cin nasa rabon shima. Kalmar da Kawu ya tsana a duniya ita ce "ɗan zana min". Babu wanda zai shiga shagon ɗan uwansa mai atamfa ya ɗauki turmi ya wuce, amma zane gani ake kamar wasan yara ne. Mafi muni shine na wani ɗan uwanmu a Ankara, babban mutum da motarsa, aka shimfiɗa wani babban zanen kasuwar doya ta Atebubu a falonsa dan ya sha iska, wanda tuni wata mata ta bada kafin alƙalami a kansa, ya dawo daga aiki ya gani yace masha Allah, ya kira kafinta aka buga firem aka rataye. Kawu kunya ta hanashi magana, yayansa ne. Anti ce ta durƙusa ta gaisheshi tace, "Yaya, wannan amanar mutane ce, naka na nan tafe in sha Allah." Bai sauke ba. Sai da Kawu ya sake zana wani daga farko cikin dare goma, na biyun kuma bai kai na farkon ba, shi da kansa ya faɗa. A littafin Anti na ga shafin gidan, ta rubuta kwana biyu, a gaba ta ja layi, basu sake kwana can ba sai dai gaisuwa da rana.

Sai maganar hoton mai rai. Wannan dole ta taso, mutum ya fito daga zana dodanni a buhun fulawa ya auri 'yar malam. Wani kawun Anti a Maraɗi, dattijo mai karatu, da aka buɗe bututun a zaurensa yaga fuskokin mata 'yan kasuwa sai ya kawar da kai, yace shi baya hana kowa neman abinci amma wannan bazai kwana a gidansa ba, ya karanto hadisin masu sura. Bututun a shagon wani tela ya kwana. Kawu bai yi musu ba, yace min abun ya dameshi ne dan tsohon bai ɗaga murya ba, da ya zageshi da yafi masa sauƙi. Ya tambayi malamai a Kumasi, kowa da bayaninsa, wani ya tsananta wani ya sassauta, daga ƙarshe shi ya yanke wa kansa: ya daina fuska. Mutanensa yanzu duk baya suke bamu, ko daga nesa, mace da tulu ta nufi rafi, masu jiran jirgin fito, sahun sallar idi daga baya sai huluna da kafaɗu. Wani mai saye ya taɓa rubuto min doguwar magana da turanci wai rashin fuskar nan falsafa ce mai zurfi akan hijira. Na karanta wa Kawu, yayi dariya har da tari, yace kace masa eh.

Babbar rigimar dai ba daga waje ta zo ba, daga cikin ɗaki ta fito. Tun farkon tafiyar Anti ke zagaye zanen Kawu da zayyana, irin ta allo, wani lokaci dagi a kusurwa, kuma duk mai shagon da ke karɓar kayansu ya san masu zayyana sun fi saurin fita. A ƙasan zane sunan Kawu ne kaɗai. Babu wanda ya ga laifi, har ita, ko dai bata nuna ba. Sai da suka je Sirigu. A can mata ne ke zana bangon gida, sana'arsu ce ta gado, da jar ƙasa da baƙi da fari, su goge da dutse su shafe da ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa, wato dai makubar da magina ke shafa wa gini a ƙasar Hausa, har ƙungiya garesu da ɗakin nuna aiki, kuma kowace mace ana nuna aikinta ace na wance ne. Anti ta zauna da tsofaffin nan kwana huɗu ba yare ɗaya sai nuni da hannu. Ta dawo da ƙullin ƙasa kala uku a leda, ta tankaɗe ta kwaɓa da gam na kafinta, ta fara nata ita kaɗai, babu mutum babu masallaci, zayyana zalla daga baki zuwa baki da launin ƙasa. In ka tsaya kusa zaka ga tsakuwa ƙanana a jiki, in ka shafa hannunka ya ɗan yi ja.

Uku daga ciki suka shiga bututu zuwa Ankara. Wata mai galari ta baza kayan a ƙasa, ta tsallake masallatai da kwalekwale, ta tsaya kan ukun nan tace wa yayi wannan. Kawu yace, "Mu ne." Anti na tsaye bata ce uffan ba. Aka saya, kuɗin ya shigo wayar Kawu kamar kullum. Daga tashar Circle a Ankara har Kumasi, awa biyar ko shida a mota, bata yi masa magana ba, ko a Nkawkaw da ya sayo mata burodi karɓa kawai tayi ta ajiye a cinya. Sati biyu tana dafa abinci tana gaisuwa amma bata taɓa alƙalami ba, ƙananan zanen da aka saba zagayewa suka taru tsirara.

Mma ce ta shiga tsakani, kuma ni ina wajen dan ni na kawo shayi. Kawu yace shi bai ga abun fushi ba, ai kuɗin gida ɗaya yake shiga, kuma sa sunan matar aure a jikin abun da zai je falon wani ƙato a Ingila ba mutunci bane. Ba ƙarya yake ba gaba ɗaya, da gaske yana jin hakan. Mma ta barshi ya gama tace, "Kai da wani ya rataye aikinka a falonsa bai biya ba kwana nawa kayi baka ci abinci ba?" Yayi shiru. Anti kuma da aka ce tayi magana abu ɗaya tace, "Yaya, allon babana nayi shekara goma ana yaba wani, wancan ubana ne na yafe, ban shirya yin na biyu ba." Aka tsaya akan ba suna ba, alama: ƙaramin dagi a kusurwar hagu shine ita, in aikin na su biyu ne sunansa da dagin tare, in nata ne dagin kaɗai kuma kuɗin wayarta zai shiga. Ni aka sa na buɗe mata MoMo, asusun kuɗi na waya, washegari. Inaga Kawu bai huce a ranar ba, ya ɗauki watanni, amma ranar da suka je Tamale suka shiga wajen mai fasahar nan Ibrahim Mahama, wanda ya buɗe cibiyar nuna zane ta SCCA a 2019, suka ga abun da yayi da tsofaffin buhunan koko da gawayi da jiragen sama da ya ajiye a wajen aikinsa na Red Clay yara na shiga, Kawu ya dawo yana cewa in buhu ya kai mutum Turai toh ƙasar Hajiya ma zata kai. Tun daga ranar yake ce mata Hajiya, ita da bata je Makka ba tukuna. Yanzu a shekara mai kyau nata yafi nasa kawo kuɗi, wannan kam an hanani faɗin adadi amma ba'a hanani faɗin haka ba.

Boda ita ce abun da basu da iko a kai. A takarda ɗan ECOWAS yana shiga ƙasar ECOWAS babu biza har kwana 90, a ƙasa kuwa kowane shinge da kuɗin goronsa, kuma bututu abun zargi ne. A wata boda da bazan faɗa ba wani jami'i ya sa aka baza zane goma sha a kan ƙasa cikin rana, yana tambaya ko kayan tarihi ne aka sato, Kawu na nuna masa fenti a farcensa, sai da aka bar masa ƙaramin Larabanga ɗaya sannan kayan suka daina zama na tarihi. Wannan duk mai sauƙi ne. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe bodojinta na ƙasa, kafin a buɗe korona ta zo, Gana ta rufe nata a Maris 2020 bata buɗe ba sai Maris 2022. A cikin wannan tsakanin Inna ta Kano ta kwanta ciwo.

Zuwansu na ƙarshe kafin nan ta zaunar da Kawu ta kwatanta masa gidan da aka haifeta a Kumasi kamar yadda ta barshi a 1969, inda rijiya take, bishiyar mangwaro, ɗakin da ake jiƙa ganye ana ɗaure huhun goro, matakala uku na ƙofar zaure. Gidan an rushe shi tuntuni an yi bene. Tace ya zana mata. Ya zana, ya gyara yafi sau biyar yana kiran Mma tana cewa a'a rijiyar ta fi kusa da bango, ya sa wata yarinya da goyo ta bamu baya a bakin zaure. Zanen na cikin bututu aka kira mu da asuba. Ta'aziyya ta bidiyon WhatsApp akayi, network na yankewa, Kawu na riƙe da waya yana cewa "kuna jina?" Sai bayan an buɗe hanya ya kai wa 'ya'yanta, waɗanda babu wanda ya taɓa ganin Kumasi a cikinsu, babbar 'yar ta rataye a ɗakinta. Daga baya juyin mulkin Nijar na 2023 ya sake toshe hanyar Maraɗi na wani lokaci, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS, tsohon nan na Maraɗi da ya hana bututu kwana shekara nawa kenan basu ganshi ba, ta waya yake aiko wa Anti da addu'a.

Sauran abu ɗaya da ba'a so in taɓa amma zan taɓa. Yaransu biyu a ɗakin Mma suka girma. Zangon karatu baya jiran hunturu, dan haka iyaye na Salaga ko Lome, yara na Aboabo suna cin tuwon Mma. Macen, wadda ke shirin gama sakandare yanzu, Mma take ce wa Mma, uwarta kuwa Anti take ce mata kamar yadda muke faɗa, tun tana koyon magana ta ɗauka a bakinmu kuma babu wanda ya gyara da wuri. Anti na amsawa. Sau ɗaya na ga abun ya taɓa ta, ranar da yarinyar tayi zazzaɓi suna gari, ta farka cikin dare tana kiran Mma, Anti na zaune a bakin katifar da tsumma mai sanyi a hannu, sai ta tashi taje ta taso Mma da kanta ta koma tsakar gida ta zauna. Matan unguwa sun yi ta magana a kan wannan, wai wace irin uwa ce, ni dai ban ga sun yi wa Kawu irin tambayar ba. Namijin kuma ƙwallo ce a gabansa, ko buroshi baya son gani. Yarinyar ce ke da hannun, na kama ta tana zayyana a bayan littafin lissafi, layinta ma yafi na uwar ƙarfi, amma tace ita nas zata zama, aikin da mutum ke kwana a gidansa.

Kawu gwiwa ta fara damunsa, hawa tsani ya rubuta bango yanzu sai da yaro, tabarau ma ya canza sau biyu. Mma na ta cewa su kama ɗaki a kusa da Cultural Centre, cibiyar al'adu ta Kumasi, su zauna haka nan. Anti tace za'a duba bayan sallah, wace sallar bata faɗa ba. Satin da ya wuce na leƙa bayan ƙofa babu bututu. Jiya da daddare ta turo min saƙon murya daga Yeji, ana jin ƙarar injin kwalekwale a bayanta, wai farin fenti ya ƙare, in sayi galan ɗaya da gam in ba direban motar asuba, kuma in gaya wa yarinyar ta duba ƙarƙashin filonta an bar mata alƙalamin gamba guda biyu.